Kurkunun Maigari Bawa

A wani ƙauye kusa da Garhanga an yi wani maigari mai suna Bawa. Manomi ne na gaske, ba ya cin haƙƙin kowa, amma yana da aibi ɗaya: a wurinsa maganar mace ba ta wuce bakin murhu ba.

A shekarar 1967 ma'aikata suka zo daga Keita, suka ce a ba da mace ɗaya ta je ta koyo kiwon lafiya. Bawa ya ga ai abin kunya ne matar babban gida ta tafi, sai ya tura Cima, wata talaka mai sayar da itace wadda mijinta ya rasu.

Bayan kwana goma Cima ta dawo, ta durƙusa a gabansa ta ce, "Ranka shi daɗe, an ce muna kurkunu cikin ruwan tabki shike. In anka tace ruwan da ƙyalle mai kauri, an tsira."

Bawa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Ke Cima, kurkunu tun kakanninmu cikin jini shike. Kwana goma har kin zama likita? Tashi ki ba mu wuri."

Ta tashi, amma ba ta yi shiru ba. Ta yayyaga tsohon zanenta, ta tsaya bakin tabki tana raba wa mata. Wasu suka karɓa, wasu suka yi tsaki. Bawa kuwa ya hana iyalinsa.

Da damina ta zagayo, ana shirin noman farko, sai kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, ya kwantar da 'ya'yansa maza duka. Haki ya rufe masa gero, ga gidan mutum goma sha huɗu ya dogara da gonar nan. Gidajen da ke tace ruwa kuwa kusan kowa yana kan ƙafarsa. Bawa ya gani, kunya ta hana shi roƙo.

Ba a roƙe ta ba, Cima ta tara mata goma sha ɗaya da hauyoyinsu. Kwana uku suka yi suna noma a gonar Bawa. A rana ta uku Bawa ya sa aka ɗora shi kan jaki zuwa gonar. Da ya ga geronsa tas, idanunsa suka cika da hawaye.

"Cima, ni na wulaƙanta ki. Mi zan biya ki da shi?"

Ta share gumi ta ce, "Ba komi, ranka shi daɗe. Sai dai in ana shawarar gari, a bar mu mu hwaɗi tamu."

Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Bawa da bakinsa ya ce a shimfiɗa wa mata tabarma a ƙofar gidansa, ya ce Cima ce za ta fara magana.

Darasi a nan shi ne, kada mu raina magana don mace ce ta faɗe ta, ko don talaka ce. Ilimi ba ya duba zanen wadda ta ɗauko shi. Garin da ya toshe bakin matansa kansa yake cuta, wanda ya saurare su kuwa zai ga amfaninsu tun kafin ya nema.