Kwalbar da Aka Tsoma a Ruwan Gishiri

An yi wani mutum a wani gari na bakin teku a Amurka, a shekarun nan da aka gama yaƙin duniya na farko, arziki ya ɓarke. Ya 'yan uwa, wanda bai ga lokacin ba zai ce ƙari muke yi. Lantarki ya shiga gidaje, rediyo ya hau tebur, leburan jiya ya wayi gari da mota. 'Yan mata suka yanke gashi iya kunne. Gwamnati ta haramta giya, amma sai ka rantse cewa ta yi a ƙara sha.

Mutumin nan mai haɗa fenti ne. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Verna, ba shi da abin so a duniya kamarta. Ran Lahadi shi ne a sahun gaba a coci. Saboda sana'arsa yana da izinin sayen sifirit, wato barasar haɗa fenti, ganga-ganga, irin wanda ake zuba wa guba don kada a sha.

Me ya rasa? Bai rasa ci ba, bai rasa sha ba, bai rasa sutura ba. Kawai ya ga maƙwabta sun wuce shi, zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Sai ya fara tace sifirit ɗin a bayan shago, tacewar da shi kansa ya san ba ta fitar da gubar duka. Ya rina shi da ƙonannen sukari, ya ɗura a kwalabe, ya manna musu takardun ƙasar waje. Mutanen garin kuwa sun yi imani giyar da aka yi fasa-ƙwaurinta ta teku ita kaɗai ce ba ta cutarwa. Don haka yakan naɗe kwalaben a buhu, ya tsoma a ruwan gishiri, ya shanya. Mai saye ya lashi jikin kwalba, ya ji gishiri, ya ce, "Yauwa! Wannan yanzu ta sauko daga jirgi."

Aka ce masa wani ɗan dako ya sha giyarsa ya makance. Ya ce, "Ni na ɗura masa? Da ƙafarsa ya zo." Ya gina gida, ya saya wa Verna mota.

Wata rana ya ji ƙanshin giya a rigar Verna. Ya hana ta. Ta yi dariya ta ce, "Baba ke nan! Kai har yanzu kana zamanin keken doki. Mu fa ba ma shan ta gida, sai ta jirgi."

Ya 'yan uwa, a nan Allah ya buɗe masa ƙofa. Magana ɗaya za ta tsirar da yarinyar, amma maganar za ta tona asirinsa a gabanta. Ya auna, ya zaɓi mutuncinsa. Ya ɓoye mata.

Ba a jima ba ta fita shan iska bakin teku da ƙawayenta. Washegari da hantsi ta kira shi daga ɗaki. "Baba, ɗage mini labulen nan mana, duhu ya yi yawa." Labulen a ɗage yake, rana ta cika ɗakin.

Likita ya duba ya ce ta makance, ba magani. Mutumin ya je motarta ya tarar da kwalbar giyar da ta sha. Hannunsa ne ya manna takardar.

Ya fasa gangunan, ya rufe shago, amma ina amfani? Da tattalin arzikin ƙasar ya rushe, mutane na kuka a titi, shi ko a jikinsa. Ba abin da ya rage a ƙwace masa.

Shekara da shekaru yana jan ta a hannu zuwa coci. Kuma ba ta daina tambayarsa ba: "Baba, har yanzu ba a kama wanda ya yi mini wannan ba?" Sai ya ce, "Ana nema, 'yata." Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da shi." Shi kuma ya ce amin. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai iya faɗa mata ba, bai nemi gafararta ba.

Ya 'yan uwa, duk wanda kuka cuta ɗan wani ne. Zunubi kuma ba ya tsayawa inda ka ajiye shi, yakan biyo ka har cikin ɗaki. Wanda ya fifita sunansa a kan gaskiya, wace tuba zai yi alhali bakinsa a rufe?

Allah ya kiyaye mu da arzikin da za mu ci da hawaye, ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.