Kawun Yaran Malam Nata'ala

Malam Nata'ala malamin aji huɗu ne a wata elementare da ke ƙasar Gagarawa, wajejen 1952. Ya san karatu, amma kai, gajen haƙuri gare shi. In yaro ya tsaya yana tauna fensir, yana neman yadda zai fara labari, sai ka ga jijiyar wuyan Malam ta tashi. Ga shi an aiko masa daga Gumel cewa in bana ma babu ɗalibinsa da ya ci jarrabawar shiga makarantar Midil, to a bakin aikinsa.

Sai ya nemi gajeriyar hanya. Ya tsara labari guda, "Tafiyata Kano", ya rubuta a allo, ya sa yara suka haddace shi kamar karatun sallah.

Ana nan sai Malam Cindo, wani dattijo mai duba makarantu, ya sauka. Ya ce kowane yaro ya rubuta labarin wata tafiya da ya taɓa yi. Nan da nan suka gama, Malam Nata'ala sai murmushi yake. Dattijon ya karanta na farko, ya karanta na biyu, ya dubi na uku, sai ya cire tabarau.

"Malam, wannan Kawu Rabe na Fagge, Allah ya saka masa. Duk ajin nan a gidansa suka sauka, kowa kuma sai da ya yanka masa zakara!"

Ya kira wani yaro. "Ilu, ka taɓa zuwa Kano?"

"A'a, Malam. Iyakata kasuwar Maigatari."

"Me ka gani can?"

Wai! Sai bakin Ilu ya buɗe. Ya ba da labarin yadda raƙumi ya cafke hular babansa, uban ya bi shi da gudu kai ba hula, yara suna ta dariya. Malam Cindo ya ce, "To rubuta mini." Ilu ya riƙe alli, amma ko layi ɗaya bai cika ba.

Kunya ta rufe Malam Nata'ala. A bakin ƙofa dattijon ya ce masa a hankali, "Ba zan kai ka gaba ba. Amma ranar jarrabawa ba wannan za a tambaye su ba. Kana da sauran lokaci zuwa kaka."

Tun daga ranar ya sauya. Kowace safiya yaro ɗaya zai tashi ya faɗi abin da ya same shi, korar tsuntsu a gona ko yasar rijiya, sannan kowa ya rubuta nasa. Sai sun gama yake bi yana gyara musu kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ya sha wuya, wani lokaci sai ya fita ya zaga bayan aji kafin zuciyarsa ta sauka.

Da sakamako ya iso, sai ya miƙa wa hedimasta takardar ya karanta. Yara uku sun ci, har da Ilu. Malam Nata'ala ya zauna a kan bencin yara, gumi sharkaf, yana ta maimaita, "Alhamdu lillahi, Allah ya rufa mini asiri."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada gajen haƙuri ya sa mai koyarwa ya yi wa yaro aikin da yaron ne ya kamata ya yi. Kowane yaro yana da labarinsa a baki. Aikin malami shi ne ya jira shi, ya taimake shi har ya iya sa shi a takarda da hannunsa.