Tsutsar da Ta Ci Lambun Nomau

Ku gyara zama, jama'a. Labarin nan ni zan fara shi, amma ku za ku ƙarasa, don ni kaina na daɗe ina jujjuya shi ban samu inda zan ajiye shi ba.

A wani ƙauye da ake kira Marken Rafi an yi wani dattijo mai suna Nomau, manomin rani. Lambunsa yana bakin fadama, fangali arba'in, wato kwamin ban ruwa, na tattasai da tumatir. Ƙasar ba ta gado ba ce. Fadamar duk a hannun dagaci take, shi ke ba mutum wuri, kuma muddin mutum yana nomawa ba mai taɓa shi. Shekara talatin da ɗaya Nomau yana cin abinci daga wannan lambu. Da shi ya yi aure, da shi ya yi wa matarsa sutura ranar da ta rasu, da shi ya reni 'ya'yansa biyu, Ilu da Hansai, da kuma Mantau, ɗan ƙanensa da aka bar masa maraya.

Sai wata shekara lambu ya fara mutuwa. Da safe shuka za ta tashi kore shar, kafin azahar ta yi yaushi ta sunkuya, alhali ƙasa a jiƙe take. Ganye ya koma rawaya, fure ya kaɗe. Nomau ya ce gyare ne, ya bi ramukansu ya tone su ɗaya bayan ɗaya. Babu sauƙi. Ya ce gwazarma ce ta biyo taki, ya zauna ya tsince ta da hannu ya watsa wa kaji. Ya barbaɗa toka saboda gara. Ya sayar da tunkiyarsa ya sayo maganin feshi a kasuwa, ya yi ta fesawa har idanunsa suka yi jajur. Duk a banza. Rani na biyu ya fi na farko muni. A na uku kuwa, dashe bai cika wata ba aka ga alamar inda aka dosa.

Mutanen gari suka shiga magana. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce wurin ya daina son mai shi. Nomau ya daina zama a dandali. Rannan dagaci ya aika aka kira shi.

"Nomau, ba don na ƙi ka ba," in ji dagaci. "Mutane da yawa suna jiran wuri a fadamar nan, kai ma ka sani. Na ba ka rani ɗaya bayan wannan. In bai yi ba, sai dai haƙuri."

"Ranka ya daɗe, na ji," in ji Nomau.

Bai koma gida ba, lambu ya nufa. Can masu ban ruwa suka same shi a kwance tsakanin fangali, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka ɗauko shi aka shimfiɗa a zaure. Daga ranar duk abin da ya faru, daga kan tabarma ya ji shi ko ya gan shi, da harshe mai nauyi da hannu ɗaya.

To, ga abin da Hansai ta yi. Ita bazawara ce, mijinta ya rasu ta dawo gidan uba da 'ya'ya uku a shekarar da lambu ya fara lalacewa, don haka tuni matan gari suke raɗa cewa farar ƙafa gare ta. Kowa ganye yake dubawa. Ita sai ta ce bari ta ga abin da ke ƙasa. Ta tuge tattasai guda ta wanke saiwarsa a rafi, sai ta ga duk ta kumbura, ƙullutu-ƙullutu kamar yatsun mai ciwon sanyi. Ta san saiwar gyaɗa ma tana da 'yan ƙwayoyi, amma na gyaɗa in ka murza sai su zube. Waɗannan ba sa zubewa, saiwar ce da kanta ta kumbura. Ta tuge na biyu, ta tuge na goma, duk haka. Da ta kawo wa uban, ya ga 'yan tsirarun da suka rage masa a tuge cikin ƙwarya, sai ransa ya ɓaci.

"Abin da ya saura ma... kin ƙarasa," ya ce, da ƙyar maganar ke fita. Ya juya mata baya.

Ba ta fasa ba. Abin da ya dame ta shi ne ba ta san yadda saiwar lafiyayyen tattasai take ba, don ba wanda ke tuge lafiyayye. Ta roƙi maƙwabtan lambu su ba ta guda ɗaya, kowa ya ƙi, wasu ma suka hana ta taka musu fangali. Sai ta faki ido ta tuge guda a lambun wani. Saiwar fara tas, sumul, babu ƙullutu ko ɗaya. A nan ta tabbata cutar a ƙasa take. A nan kuma mai lambun ya kama ta, ya ja ta har gaban dagaci yana kiran ta ɓarauniya. Wani mai shago da ya fara neman aurenta bai sake zuwa ba. Nomau yana kwance yana jin yara a waje suna tsokanar jikokinsa da sunan da aka laƙaba wa uwarsu.

Ga kuma abin da Ilu ya yi. Shi ne babba, yana aikin dako a wani injin casar shinkafa a birni. Da labari ya iske shi ya nemi izini, mai injin ya ce in ya fita kada ya dawo. Ya fita. Ya zo ya ga saiwoyin da ƙanwarsa ta tara, ya naɗe su da ƙasarsu a jiƙaƙƙen buhu, ya sayar da kekensa ya shiga mota zuwa wani ofishin binciken noma mai nisa. A can mai gadi ya dubi tufafinsa ya ce manya ba sa nan. Ilu ya zauna a bakin ƙofa. Kwana tara ya yi a wurin, yana cin rogo da ƙuli, kullum yana yayyafa wa buhu ruwa kada saiwoyin su bushe. A rana ta goma wata malamar gona ta tsaya ta tambaye shi abin da yake tsaro. Ta shiga da shi ciki, ta yanka ƙullutu guda, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma, ta ce ya leƙa. Ya ga wasu abubuwa sirara kamar zare suna motsi.

"Tsutsa ce, ido ba ya ganin ta," in ji malamar. "Tana shiga saiwa ta toshe wa shuka hanyar ruwa. Feshin ganye ba ya taɓa ta. Me kuke shukawa a wurin da damina?"

"Kuɓewa da yalo, ranki ya daɗe."

"To, ku kuke ciyar da ita shekara duka."

Ta gaya masa abin yi dalla-dalla, shi kuwa da yake bai iya rubutu ba, sai ya yi ta maimaitawa har ya haddace. Ta kuma ce masa kada ya yaudari kansa: tsutsar nan rage ta ake yi, ba ta ƙarewa. Ilu ya dawo da wannan sani, ba aiki, ba keke, ga mata da 'ya'ya a birni an ce su tashi daga ɗakin da mai injin ya ba su. Daga baya ya koma ya kwashe su, yana bin kasuwannin ƙauye yana dako don su ci.

Saura Mantau. Sani ya samu, amma Hansai mace ce da ƙananan yara, Ilu kuwa dole ya tafi neman abin da iyalinsa za su ci. Aikin sai ya faɗo kan Mantau shi kaɗai, kuma a tsakiyar bazara malamar ta ce a yi shi, lokacin da rana ke iya kashe tsutsar. Ya tuge duk abin da ke lambun da saiwarsa ya ƙone. Ya kafce fangali arba'in da zurfi, ya bar rana ta gasa ƙasar, bayan kwana goma ya sake juya ta, ya kuma sake, har sau huɗu. Wurin renon iri ya tula masa kara ya cinna wuta, sannan ya jiƙa shi ya rufe da farar leda sati shida. Ya bi gindin darbejiya na gari da na daji yana tsintar 'ya'ya, ya daka buhu-buhu a turmi har tafin hannunsa ya farfashe. Da aka zo batun ruɓaɓɓen taki da za a cakuɗa da garin darbejiyar, babu dabba a gidan Nomau. Mantau ya kwashe takin da ya tara wa gonarsa ta tudu, bai bar ko kwando ba. Ya gyara magudanan ruwa don kada na wannan fangali ya shiga wancan. Da damina ya shuka masara a wurin maimakon kuɓewa. Tasa gonar kuwa, ba taki, ba noma a kan lokaci, geron da ya samu bai kai su tsakiyar rani ba. Matarsa ta ɗauki yara ta tafi gidan iyayenta, ta ce ta dawo in akwai abinci. Shi kuma hayaƙi da ƙurar bazara suka bar masa tari mai tsaga ƙirji. Nomau yakan ji tarin tun daga nesa kafin ya ga mai shi.

Rani na huɗu ya zo. Rabin lambu aka sa albasa, rabi tattasai. Fangali bakwai suka sake mutuwa. Sauran suka tsaya. Ranar da aka kawo kwandon farko zaure, Nomau ya ɗauki tattasai guda da hannun hagu ya daɗe yana kallo, bai yi murna ba, don ya riga ya gane abin da kowa ya gane: lambun da a da yake riƙe da gidan duka, yanzu da ƙyar zai ciyar da tukunya ɗaya, kuma kowace bazara sai an sake wannan wahala daga farko.

Bayan kwana uku dagaci ya zo da kansa. Aka tayar da Nomau aka jingina shi da bango. Ilu da Mantau suka zauna a gefe, Hansai ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Lambu ya farfaɗo, na gani da idona," in ji dagaci. "Amma kai ba za ka sake riƙe fartanya ba, Nomau. Wurin fadama kuwa ba a raba shi, kuma ba ya ɗaukar suna biyu. Faɗi mutum ɗaya, na ba shi yau."

Nomau ya dubi Hansai. Ba don ita ba, da har yanzu ganye ake wa feshi, kuma ita ce ba ta da miji, ba ta da sauran mutunci a gari, ga marayu uku. Ya dubi Ilu, ɗansa na fari wanda bai taɓa kiran sunansa ba saboda kunya. Ba don shi ba, da an ga ƙullutu ba a san sunan cutar ba balle maganinta, kuma shi ne ba shi da aiki ba shi da ɗaki. Ya dubi Mantau, amanar ƙanensa. Ba don shi ba, da sanin ya tsaya a baki, kuma shi ne rumbunsa ya bushe, gidansa ya watse, ƙirjinsa ya lalace. Duk wanda ya ambata, ya san ya tura sauran biyun cikin yunwa da bakinsa.

Ya buɗe baki. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya motsi, ba mai ƙarfin halin share masa. Dagaci yana jira. Su ukun kowa ya sunkuyar da kai.

A nan na bar shi, jama'a, bakinsa a buɗe. Wadda ta gano cutar, da wanda ya samo maganinta, da wanda ya yi aikin: wane ne a cikinsu ya fi cancanta Nomau ya ambaci sunansa?