Askar Baudo da Gashin Sarauta

A ƙasar Farankawa, can zamanin da, sarauta a gashi take. Jinin sarki ne kaɗai ke tara suma har kafaɗa, wanda aka aske kuwa ya yi sallama da gadon mulki.

Sarki Hildumar ya ga jama'a sun fara son ƙanensa Sigiwal, sai ya kira Baudo, wanzamin da ke gyara masa gemu.

Ya ce, "Ka aske mini kan Sigiwal ƙwal, a gaban fada."

Baudo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai dokarka ce, wanda ya sa aska a gashin sarauta a yanke masa hannun dama."

"Doka tana nan. In kuma ka ƙi, kanka za a cire."

Baudo ya hau wasa aska, ya ce, "To, gara hannun. Amma gobe wa zai gyara maka gemu?"

"Kai mana."

"Da hagu ke nan. Ita kuwa rawa take yi, ga sumarka dab da kunne."

"Sai in ɗauki wani wanzamin!"

"Madalla. Sai dai duk wanzaman garin nan za su gani yau cewa aska na sauke ɗan sarki. Wanne a cikinsu za ka miƙa wa kanka, ka lumshe ido?"

Sarki ya dafe sumarsa da hannu biyu.

Baudo ya ce, "A kirawo Sigiwal ɗin?"

Sarki ya ce, "Mayar da askar nan kube!"