Cinikin Sunan Inna Ladingo

Ku gyara zama, masu waya ku kifa ta a kan tabarma. Labarin 'ya'yan Inna Ladingo ta Kazaure zan ba ku, in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

Inna Ladingo mai man gyaɗa ce. Shekara talatin tana matsar mai da tuyar ƙuliƙuli a wani kango bayan gidanta, har mata goma sha huɗu na unguwar suka zama a nan suke samun na cefane. Kangon aro ne. Da mai shi ya rasu, magada suka ce za su sayar su raba gado. Don mutunci suka ba ta wata uku: in za ta saya ita ce a gaba, in ba haka ba akwai mai son gina shaguna. Ko rabin kuɗin ba ta da shi. Abin da take da shi 'ya'ya uku ne, Haladu da Barira da autansu Nafi'u.

Haladu ya taɓa aiki a shagon kwamfuta a Kano. Shekara tara kafin wannan magana ya yi wa sunan mahaifiyarsu rajista a intanet, wato ya kama adireshin shafi mai suna Ladingo. Irin wannan suna mutum ɗaya ne yake riƙe shi a duk duniya, kuma kowace shekara sai ya sabunta, in ya yi sake wani ya ɗauke. Ya buɗe shafin da hoton kwalabe biyu, amma ko cokali ɗaya na mai ba a taɓa saya ta nan ba. Ƙannensa suna yi masa dariya, suna kiran abin filin Yaya na sararin sama. Shekarar da shagon ya rufe ya dawo gida ba aiki, kekensa ya sayar ya sabunta. In an yi masa magana sai ya ce, "Sunan Inna ne."

Ana cikin wata na biyu na wa'adin magada sai saƙo ya shigo masa. Wani ya ce shi ɗalibi ne, yana son sunan don aikin makaranta, zai ba da naira dubu arba'in. Haladu ya ga halin da Inna take ciki, ya ce ko ba komai a rage, zai sallama.

Barira malamar Turanci ce a sakandaren 'yan mata. Ta karɓi wayar ta karanta saƙon sau biyu, ta ce, "Yaya, shekara goma ina duba rubutun ɗalibai. Wannan Turancin lauya ne. Ka ba ni mako guda."

Ta yi ta bincike har ta ci karo da talla a jarida: wani sabon kamfanin kayan yaji daga Legas yana neman direbobi da wakilai a Arewa, sunansa Ladingo. Ranar Asabar ta hau mota zuwa Kano, inda kamfanin ya buɗe sito, ta bi layin masu neman aiki har ciki. Nan ta ga kwalaye tsibi har rufi, kowanne da sunan, a ƙasansa kuma an buga adireshin shafin da yake hannun yayanta. Sun riga sun buga kafin su mallaka, kuma saura mako shida su fito da kaya. Ta dawo ta rubuta musu cewa an gane su ne suka zo da rigar ɗalibi, ta yanka musu kuɗin da zai sayi rabin unguwa. Kwana goma shiru. Sannan suka aiko layi biyu: za su ƙara wata kalma a kan sunansu su yi gaba, sun gode. Ranar Barira ko abinci ba ta iya ci ba.

Nafi'u a aji huɗu na firamare ya bar boko, dillalin shanu ne a kara, yau Maigatari gobe Wudil. Da aka yi masa bayani ya ce, "Ashe cinikin shanu ne. Mu muna son kuɗi, su kuma salla ta matso musu. Yaya Barira, rubuta musu kar ki ambaci ko kwabo. Ki ce Inna tana gayyatarsu cin tuwo."

Kamfanin ya aiko wakilinsa, wani Bazazzagi, Malam Shu'aibu. Nafi'u bai bar shi ya buɗe jaka ba sai da ya zaga da shi kangon. Ya ga matan suna aiki, ya ɗanɗana ƙuliƙuli da zafinsa, ya gaida Inna. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma.

"Mun saya miliyan biyu," in ji Malam Shu'aibu.

"Albarka."

"Uku. Kuma wallahi daga nan ba ni da izini."

"Albarka, Malam. Sha ruwa."

Baƙon ya miƙe ya nufi mota. Haladu ya damƙi hannun ƙaninsa, Nafi'u ya raɗa masa, "Yaya, dubi jakarsa a kan tabarma. Waya ya je yi." Haka kuwa aka yi, ya dawo ya zauna.

A nan Nafi'u ya sauya murya. Ya ce, "Malam, mun san me kuka buga a kwali, amma ba mu zauna don mu shaƙe ku ba. Kangon nan muke so, da injin matsa guda. Sannan yajinku ai ba ya yiwuwa sai da ƙuli. A ina za ku saya?"

Malam Shu'aibu ya waiwaya ya dubi matan, sai ya yi dariya ya miƙa hannu. Kafin la'asar an ƙulla magana: kamfani zai biya abin da zai sayi kango da inji, zai riƙa ɗaukar ƙuliƙulin matan duk wata, Inna kuma za ta ci gaba da sa sunanta a kwalaben manta na gyaɗa. Nafi'u ya kafe cewa kuɗin su zauna hannun lauyan da kowa ya yarda da shi har sai sunan ya koma hannun kamfani, haka kuma aka yi.

Saura kwana tara wa'adi ya cika aka biya magada. Yanzu mata ashirin da shida ne suke aiki a wurin, an yi rumfar kwano an ja ruwa.

To, Inna Ladingo gwiwa ta fara hana ta tsayuwa. Ta tara 'ya'yanta ta ce amfanin wurin na su uku ne, amma mukulli da jagoranci mutum ɗaya za ta damƙa wa, wanda aikinsa ya fi nauyi a wannan ciniki. Haladu ya nuna Barira, Barira ta nuna Nafi'u, Nafi'u ya ce shi ko sunan bai iya karantawa ba, a ba Yaya. Tsohuwa ta rasa na zaɓa, har yau mukullin yana bakin zanenta.

Da Haladu bai riƙe sunan shekara tara ana yi masa dariya ba, da babu abin sayarwa, amma shi ne ya kusa bayar da shi dubu arba'in. Barira ce ta gano darajarsa, ita ce kuma ta kori mai saye. Nafi'u ya dawo da shi ya ƙulla ciniki, sai dai kayan wani ya sayar, da labarin da wata ta kawo.

To jama'a, da ku ne Inna Ladingo, a hannun wa za ku sa mukullin nan?