Awon Cindo

A zamanin da dajin yamma bai san gatari ba, wani maharbi ya bi sawun gwanki har ya ɓulla bakin wani tabki marar zurfi. Cindo ake ce masa, saboda yatsa shida gare shi a hannun dama. Kirarinsa: Cindo na gaban baka, hannu ya fi na kowa! Ruwan garau yake, ana hango yashi, sai ya kafa bukka. Masunta suka biyo shi, wuri ya zama gari.

To, mutum da haɗama! Suka saƙa taru mai ƙananan idanu, suka kwashe karfasa har 'ya'yanta. Tarwaɗa kaɗai ta tsira a cikin laka, tana ta birkita taɓo. Kafin rani ya raba, gansakuka ta rufe tabkin, ruwa ya koma kore shar, yana ɗoyi. Yara suka kama gudawa, aka fara binnewa.

Sarkin ruwa Gagare ya tara jama'a, ya ce tabki ya yi fushi da hannun da ba irin na mutane ba, a sare shi a jefa. Aka danne Cindo a kan turmi, aka kawo gatari. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma ya roƙi a kawo karfasar da ta rage a randar matarsa. Aka farke cikinta, sai ga shi dam da gansakuka.

Ya ce, "Mai share muku ruwa kuka cinye. Tarwaɗa na tono abincin gansakuka daga taɓo, ita kuwa gansakukar ba mai cin ta. Ku bar mini hannuna zuwa saukar ruwan fari."

Gagare ya yarda, amma bai mayar da gatarin gida ba. Cindo ya dinga jigilar 'ya'yan karfasa a gora daga wani kogi mai nisa yana zubawa a tabkin, ya hana kamun kifi sai na tarwaɗa. Mutane na jin yunwa, suna zaginsa. Hadari ya fara haɗuwa, ruwa na nan kore. Ranar da aka wasa gatarin, wata mata ta shigo da tulu a guje, ta ce ta ga yashi a ƙasan tabki.

Har yau a Tabkin Cindo ba a jefa taru sai yatsa shida sun shige idonsa. Masaƙi yakan zura biyar nasa, ya aro ɗaya daga hagu, a madadin na shidan hannun da aka so sarewa.