Kurege da Lallen Hawainiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kawu, amma ban da ƙarin gishiri.

Gishiri kuma? Ni da ko a miya ban cika son sa ba. Ku dai matso.

A garin dabbobi akwai wata mararraba da kullum sai an yi karo a cikinta. Jaki ya bangaje Tunkiya, Tunkiya ta bangaje Agwagwa, Agwagwa ta rasa wanda za ta bangaje, ta koma gida ta huce a kan 'ya'yanta. Da abin ya ishi kowa, sai aka ce a sa danja. To garin ba lantarki, sai aka kafa doguwar sanda, aka ɗora Hawainiya a kai. In ta yi ja, kowa ya tsaya. In ta yi kore, kowa ya wuce. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, ba mai ce mata sannu.

Shi kuwa Kurege ɗan acaɓa ne. Babur ɗin nan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa, da shi yake ci da iyali. Ran nan ranar kasuwa, sai ya ji an ce motar gyaɗa ta kife a bayan mararraba, kowa na kwasa. Ai bai tsaya jin ƙarshen zance ba, ya ba babur wuta.

Yana isowa, Hawainiya ta yi ja. Ja jawur. Kurege ya dube ta, ya tuna gyaɗa. Ya sake duban ta, ya sake tuna gyaɗa. Fuu, ya wuce!

Sai ga Balbela mai kula da hanya, da fararen kayanta, ta hura usur, ta sha gabansa, ta zare makulli.

"Ranki ya daɗe, ai kore na gani."

"Kore ka gani?"

"Kore shar!"

"To sai ka je ka gaya wa alƙali." Ta miƙa masa takarda. "In an same ka da laifi, babur ya tafi gwanjo."

Gyaɗa kuwa ko ɓawo bai samu ba. Ya koma gida a ƙasa, yana tafe yana saƙe-saƙe.

Bayan 'yan kwanaki, ana gobe shari'a, dabara ta faɗo masa. Ya tsinko ganyen lalle, ya daka, ya kwaɓa a ƙoƙo, ya tari Hawainiya da la'asar tana saukowa daga sanda.

"Gwaggo, sannu da aiki."

Hawainiya ta juya ido ɗaya gaba, ɗaya baya, tana neman wadda ake yi wa sannu.

"Da ni kake, ɗan nan?"

"Da ke mana, Gwaggo. Matata ce ta aiko ni. Ta ce ƙafafun da ke riƙe sanda yini guda ai sun cancanci lalle."

Ya zaunar da ita, ya ƙunsa mata ƙafa huɗu har da bakin wutsiya. Ita dai sai kallon ƙafafunta take.

Kashegari aka hallara gindin tsamiya. Alƙali Bunsuru ya zauna a kan buzu yana shafa gemu. Balbela ta faɗi nata, aka ba Kurege dama.

"Allah ya gafarta Malam, ni mai bin doka ne, kowa ya sani." Jama'a suka yi ta tari. "Ranar nan jikin Gwaggo kore ne. Jan da ofisa ta hango, lalle ne. A dubi ƙafafunta! Yanzu saboda Allah, don tsohuwa ta yi kwalliya sai a raba ni da abin hawana?"

Aka duba, ga ƙafafu jawur. Wuri ya ɗau surutu, Balbela ta fara sosa kai. Kurege ya ɗaga wutsiya sama, har ya fara jin makulli a hannunsa.

Alƙali ya tashi a hankali, ya sunkuya, ya shinshina ƙafar Hawainiya. Ya sake shinshinawa.

"Kai yaro, ɗago ka dubi gemun nan."

Kurege ya ɗago. Sai a sannan ya lura gemun alƙali ja ne.

"Tun ba a haifi ubanka ba nake sa masa lalle duk Alhamis. Lallen da ya kwana biyu koɗewa yake, ƙamshinsa ya tafi. Wannan kuwa, ba don idon jama'a ba, da na lasa. Gwaggo, yaushe aka ƙunsa miki?"

"Jiya, Allah ya gafarta Malam."

"Wa ya ƙunsa?"

Idon Hawainiya ɗaya dai ya tsaya a kan alƙali, ɗayan ya zagaya a hankali, a hankali, ya sauka a kan Kurege.

Wutsiyar Kurege ta faɗi ƙasa tim. Ya hango babur a gwanjo, ya hango tukunyar gidansa a kife. Alƙali ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai Hawainiya ta ɗaga ƙafa ɗaya.

"Malam, ina neman alfarma. Ja na nuna masa, ya kuma gani. Tun da ya ce mini sannu na san akwai abin da ya kawo shi. To amma shekara da shekaru ina kan sandar nan, zagi kawai nake sha. In na yi ja a ce na cika daɗewa, in na yi kore a ce na cika sauri. Sannun ƙarya ce ya yi mini, amma ita kaɗai na taɓa samu, kuma lallen ya kama da kyau. A bar masa babur ɗinsa."

Alƙali ya daɗe yana shafa gemu.

"An bar masa, albarkacinki. Amma daga yau shi zai riƙa kai ki aiki yana mai da ke gida, a kan ƙahon babur za ki zauna. In ta yi ja, yaro, ko a ƙofar gidanka ne, ka tsaya."

Kurege ya faɗi yana godiya, a ransa kuwa yana cewa an haɗa shi da aiki. Ai kuwa an haɗa shi. Ya ɗan ƙara wuta, ta yi ja, ya tsaya. Ya hango tallan gyaɗa, ta yi ja, ya tsaya. Har Kunkuru ya riƙa wuce su yana yi musu barka da hutawa.

Wata safiya suna dab da mararraba, hanya fayau ba kowa, sanda kuma ba danja tunda danjar na kan babur. Kurege ya ce yau dai sai ya more. Sai Hawainiya ta yi ja, irin jan da bai taɓa gani ba. Idonta na gefe ya hango abin da nasa bai hango ba. Ya taka birki, ƙiiii! Sai ga tirelar Giwa, birki ya tsinke, ta wuce ta gabansu guuu, iskarta kaɗai ta tafi da hularsa.

Kurege ya sauka. Ya miƙe tsaye, ya haɗa hannu biyu a ƙirji.

"Gwaggo, na gode. Gwaggo, Allah ya saka. Gwaggo, wannan sannun ta gaske ce."

"Na ji," in ji ta. "Lallen dai ya fara koɗewa."

Shi ya sa har gobe, in kun ga kurege yana gudu a daji, sai ya tsaya cak, ya miƙe, ya haɗa hannu. Ba wani abu ba ne, ja ya tuna, godiya yake.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa! Ku kuma yara, duk ranar da za ku yi ƙarya a kan lalle, ku fara leƙa gemun alƙali.